Cikin Kwamfuta: Masu Aiki, Ma'ajiya Da Littafin Sito

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Beirut a Kano, ko wani layin masu sayar da kwamfutoci a Kaduna ko Yamai, ya san karatun da mai shago yake jerowa idan ya ɗago kwamfutar tafi-da-gidanka: "Alhaji, wannan Core i5 ce, ram ɗinta takwas, had-dis ɗari biyar, batiri garau." Mai saye ya gyaɗa kai, ya duba ko jikinta da karce, ya danna maɓalli biyu uku, a shiga ciniki. Galibinmu kyan jiki da sunan kamfani muke saye. Alhali kowace lamba a cikin waɗanda aka jero tana magana ne a kan wani sashe daban, mai aikinsa daban, mai kuma irin tasa hanyar lalacewa.

Akwai kuma abin da mai shago ba ya ambata ko kaɗan, wanda a ganina shi ya fi shafar mai kwamfuta, wato tsarin da na'urar take bi wajen rubuta inda ta ajiye kowane fayil. Duk wani ƙarfe da ke jikin kwamfuta, idan ya mutu, kuɗi na sayo wani. Kundin digirin ɗalibi, ko lissafin shago na shekara biyar, ko hotunan bikin da aka yi aka watse, ba a sayar da su a kowace kasuwa.

Mu fara da ƙarafan. Furosesa shi ne mai yin aikin. Ɗan guntun silikon ne da zai zauna a kan yatsa, cike da ƙananan makunnai da ake kira transisto. Abin da ya iya ba shi da yawa: tarawa, ɗebewa, kwatanta lamba da lamba, ɗauko lamba daga nan a kai ta can. Saurinsa ne abin al'ajabi. Idan aka ce mai gigahaz 3 ne, ana nufin agogon cikinsa yana bugawa sau biliyan 3 a daƙiƙa guda. Wanda kamfanin Intel ya fara fitarwa kasuwa a 1971, mai suna 4004, transisto 2,300 ne a cikinsa. M1 da Apple ya fitar a 2020 yana da biliyan 16.

A nan ne ake yawan yi wa mai saye rufa-ido ba tare da an yi masa ƙarya ba. Sunan i3 ko i5 ko i7 kaɗai bai isa ba, sai an san zubin wace shekara ne. Lambar da ke biye da sunan ita ke faɗa: i5-6200U zubi na 6 ne, na wajajen 2015, shi kuwa i5-1135G7 zubi na 11 ne, na 2020. Tsohon i7 da ya haura shekara goma yana iya shan kaye a hannun sabon i3. Mai shago ya ce i7 ce, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai bai ƙarasa ba.

Ram ita ce wurin da furosesa yake baza abin da yake aiki a kansa a yanzu. Tana da sauri ƙwarai, amma ba ta riƙe komai sai da wuta. Ana ɗauke wuta, duk abin da ke cikinta ya tafi. Shi ya sa mai buga takardu a shagon kwamfuta, wanda ya yi shafi shida bai adana ba aka ɗauke wuta, yana iya rasa su gaba ɗaya. Abin da ba a adana ba, a ram yake zaune. Ma'ajiya kuwa, wato had-dis ko SSD, ita ce mai riƙe abu ko da wuta ko babu, amma ba ta kai ram sauri ba ko kusa.

Kwatanta da ɗan kasuwar Kantin Kwari. Shi kansa shi ne furosesa. Teburin da yake baza atamfa a gaban mai saye shi ne ram. Siton da ke baya, inda diloli suke jibge, shi ne ma'ajiya. Idan teburin ƙarami ne, komai zafin naman ɗan kasuwar, rabin yininsa zai ƙare a safa da marwa tsakanin tebur da sito. Haka kwamfuta mai ram gigabait 4 take yi idan aka buɗe mata shafukan intanet ashirin: sai ta riƙa kwashe wasu abubuwa daga ram tana kai su ma'ajiya tana dawo da su, mai ita kuma yana cewa ta yi nauyi. A riƙe wannan kwatance, domin akwai abu na huɗu a shagon da za mu zo kansa, wato littafin da ake rubuta inda kowace dila take.

Sauran sassan ba sa buƙatar dogon bayani. Babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod, shi ne ke haɗa komai da komai. Akwatin wuta a kwamfutar tebur, ko caja a ta tafi-da-gidanka, shi ke mayar da wutar gida zuwa 'yar ƙaramar wutar da sassan za su iya ɗauka. Katin hoto yana zana abin da ake gani a fuskar kwamfuta, kuma sai mai tace bidiyo ko mai wasanni ne yake buƙatar babba. A jikin babban allo akwai wani ɗan batiri faifai mai lamba CR2032. Idan kwamfuta ta fara mantuwa da kwanan wata duk lokacin da aka kashe ta, har shafukan intanet suka ƙi buɗewa saboda agogo ya koma shekarun baya, yawanci shi ne ya mutu, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Fanka kuwa ta cancanci a ɗan tsaya a kanta saboda yanayin ƙasarmu. Ƙurar hunturu tana toshe ƙofofin iska, zafin bazara ya zo ya tarar da su a toshe, furosesa ya ɗau zafi, sai ya rage gudun kansa da kansa don kada ya ƙone. Kwamfutoci da yawa da ake cewa sun tsufa, shara kawai suke buƙata, da kuma a daina ɗora su a kan katifa.

Ma'ajiya iri biyu ce, kuma bambancinsu ya fi yadda ake zato. Had-dis faifai ne na gaske, mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da wani ɗan hannu da ke shawagi a samansa yana rubutu da karatu da maganaɗisu. Ratar da ke tsakanin hannun da faifan ko ƙwayar ƙura ba za ta ratsa ta ba. Kamfanin IBM ne ya fitar da na farko a 1956, faifai 50 a jere, nauyinsa wajen tan guda, abin da yake ɗauka kuma bai wuce megabait 5 ba, wato hoto ɗaya ko biyu na wayar yau. Da yake abu ne mai motsi, faɗuwa tana kashe shi, musamman idan yana cikin juyawa. Wanda ya ji had-dis ɗinsa ya fara wani ƙas-ƙas da bai saba ji ba, ya kwashe kayansa a ranar, kada ya bari sai gobe.

SSD ba abin da ke motsi a cikinta. Ita da filashi da katin memori da ma'ajiyar waya duk dangi ɗaya ne, tushensu wata fasaha da injiniya Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980. Tana riƙe bayani ta hanyar tsare ɗan cajin lantarki a cikin ƙananan ɗakuna. Ta fi had-dis sauri nesa ba kusa ba, kuma ba ta tsoron jijjiga. Idan mutum yana da tsohuwar kwamfuta da kuɗin gyara ɗaya tak, ni dai shawarata ya cire had-dis ya sa SSD kafin ya yi tunanin komai. Aibinta shi ne kowane ɗaki yana da iyakar yawan rubutun da zai jure, kuma idan za ta mutu ba ta cika yin sallama ba. Had-dis yakan yi ƙara, ya yi nauyi, ya ba da alama. SSD sau da yawa jiya lafiya, yau kwamfuta ta ce ba ta ganin ta.

To, yanzu ga littafin sito. Ita ma'ajiya ba ta san wani abu wai shi fayil ko folda ba. Abin da ta sani gurabe ne masu lamba, kowanne na ɗaukar bait 512, ko 4,096 a sababbi. Had-dis mai gigabait 500 yana da irin waɗannan ƙananan gurabe kusan biliyan ɗaya. Babbar manhajar kwamfuta, Windows ce ko Linux ko macOS ko Android, ita ce ke keɓe wani yanki na ma'ajiyar ta mayar da shi rajista: sunan fayil kaza, girmansa kaza, an rubuta shi ran kaza, yana zaune a gurabe kaza da kaza. Ƙa'idar da ake bi wajen tsara wannan rajista ita ake kira tsarin fayil. Abin da muke kira yi wa filashi fomat, asalinsa buɗe sabuwar rajista ne.

Ana haɗa guraben rukuni-rukuni, galibi bait 4,096 kowane rukuni a Windows, kuma fayil biyu ba sa raba rukuni ɗaya. Fayil mai bait 5,000 zai ci rukuni biyu, wato 8,192, ragowar ta tafi a banza. Wannan ne dalilin da ya sa idan ka duba bayanin fayil a Windows kake ganin girma iri biyu, na fayil ɗin kansa da na wurin da ya cinye.

Ɗaya daga cikin tsare-tsaren da suka fi yaɗuwa a duniya shi ne FAT, wanda Microsoft ya fara a 1977, aka faɗaɗa shi zuwa FAT32 a 1996. Dabararsa mai sauƙi ce. A gaban sunan fayil ana rubuta lambar rukuninsa na farko, sai wani jadawali ya ce daga rukuni na 100 a tafi na 101, daga 101 a tsallaka na 570, a nan ya ƙare. Fayil ba dole ne ya zauna wuri ɗaya ba, ana iya yayyanka shi a cusa duk inda aka samu fili. A had-dis wannan warwatsuwa tana jawo nauyi, don hannun sai ya yi ta kai-komo. A SSD ba ta da wani tasiri sosai. Tsohon FAT bai yarda sunan fayil ya wuce harafi 8 ba, da wasu 3 bayan ɗigo, balle a yi maganar ƙ da ɗ da ɓ. Tsare-tsaren yanzu suna rubuta suna da Unicode, don haka mai son ya sa wa fayil ɗinsa "Ƙididdigar ɗalibai" ba abin da zai hana shi.

Sauƙin FAT32 ne ya sa kusan kowace na'ura ta iya karanta shi: talabijin, rediyon mota, na'urar buga takarda, kyamara. Amma yana da wata iyaka da masu tura fina-finai a waya da filashi suka sani sarai, ko da ba su san dalilinta ba. Gurbin da aka tanada don rubuta girman fayil ba ya ɗaukar lambar da ta kai gigabait 4. Sai ka ga filashi mai gigabait 32, babu komai a cikinta, amma ta ƙi karɓar bidiyon biki mai gigabait 5, kwamfuta ta ce fayil ɗin ya yi girma. Filashin lafiyarta ƙalau. Maganin shi ne a kwashe abin da ke ciki a sake yi mata fomat da exFAT, wanda Microsoft ya fitar a 2006 don irin wannan matsala, kuma shi ne ke zuwa a katin memorin da ya haura gigabait 32. Sai dai a sani, tsohuwar talabijin ko rediyon mota na iya ƙin ganin exFAT.

Ma'ajiyar cikin kwamfuta kuwa kowace babbar manhaja da nata. Windows tana amfani da NTFS, wanda ya fito a 1993. Linux galibi ext4, na 2008. Apple ya koma APFS a 2017. Wayoyin Android suna amfani da ext4 ko F2FS, wanda Samsung ya ƙirƙiro musamman don ma'ajiya irin ta waya. Ba duka suke jin yaren juna ba. Kwamfutar Apple tana karanta had-dis mai NTFS amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Windows kuwa idan aka jona mata ma'ajiya mai ext4, sai ta nuna kamar ba ta san abin da ke ciki ba, har ta ba da shawarar a yi fomat. Mutane da dama sun yi asarar kayansu a daidai wannan gaɓa, don sun ɗauka tambayar umarni ce.

Babban abin da NTFS da ext4 suka fi FAT da shi ya shafe mu kai tsaye, mu da wuta ke ɗaukewa ba sallama. Adana fayil ba aiki ɗaya ba ne. Sai an rubuta abin da ke cikinsa, an rubuta sunansa, an gyara jadawalin gurabe, an nuna cewa guraben nan yanzu suna da mai su. Idan wuta ta yanke a tsakiya, rajista za ta saɓa wa kanta: suna ba kaya, ko kaya ba suna. NTFS da ext4 suna da wani ɗan kundi na gefe da suke fara rubuta abin da suke shirin yi kafin su taɓa rajistar. Idan wuta ta dawo sai su duba kundin, su ƙarasa aikin ko su warware shi. Wannan yana kare rajistar ne, ba lallai ya ceto shafin da kake cikin bugawa ba. FAT32 da exFAT ba su da wannan kundi. Shi ya sa filashi da memori suka fi saurin rikicewa, kuma shi ya sa fizge filashi ana cikin tura abu ya fi haɗari fiye da yadda ake ɗauka. Wani lokaci ma kwamfuta takan nuna ta gama alhali saura na nan a ram bai sauka ba. Danna umarnin cirewa kafin a zare, daƙiƙa biyu ne, kuma aikinsa ke nan: ya sauke ragowar, ya rufe rajista.

Duk wannan ya kawo mu ga abin da ya fi ba mutane mamaki. Goge fayil ba ya goge shi. Abin da ake yi kawai shi ne a soke layinsa a littafi, a ce gurabensa sun zama fili. Dilar tana nan a sito har ranar da aka kawo wata aka ɗora a wurinta. A tsarin FAT, harafin farko na sunan kawai ake musanyawa da wata alama, a share jadawalinsa. Fomat na gaggawa ma haka yake, sabon littafi ne a kan tsohon sito. Saboda haka manhajoji irin su Recuva da PhotoRec suke iya dawo da hotunan da aka goge, ta hanyar bin gurabe ɗaya bayan ɗaya suna neman abin da ya yi kama da farkon hoto ko takarda.

Wanda ya goge abu bisa kuskure, ko filashinsa ta ce sai an yi mata fomat, abu na farko shi ne ya dakata. Kada ya tura komai a ciki, kada ya ɗau sabon hoto da katin, kada ma ya sauke manhajar ceton a kan ma'ajiyar da abin ya ɓata, don kowane sabon rubutu yana iya sauka a kan abin da ake nema. A lura kuma, abin da aka goge daga filashi a Windows ba ya biyawa ta kwandon shara. A SSD ta cikin kwamfuta damar ceto ta fi ƙanƙanta, domin babbar manhaja tana sanar da ita guraben da aka saki, ita kuma ta share su da kanta ba da jimawa ba.

Sanin rajista yana warware wasu rikice-rikice biyu da ake yawan kai wa masu gyara. Na farko, cutar nan da filashi ke kwasowa a shagunan buga takardu, wadda ke mayar da folda duka 'yan gajerun alamu masu kibiya. Yawanci ba ta cinye komai ba. Alamar "ɓoyayye" ta sa wa fayilolin a rajista, ta ajiye nata na bogi a gaba don a danna ta yaɗu. Duba yawan wurin da aka cinye a filashin: idan har yanzu a cike take, kayan suna nan. Na biyu, filashin jabu. Akan ɗauki mai gigabait 8 a sa ta riƙa cewa ita 64 ce. Rajista za ta karɓi sunaye, komai ya bayyana daidai, amma duk abin da ya haura ainihin girmanta ya tafi iska, sai ranar da aka zo buɗewa a tarar da fayil ba ya buɗuwa. Gwajinta shi ne a cika ta taf a ranar da aka saya, sannan a buɗe abubuwan da aka tura daga ƙarshe. Akwai 'yar manhaja mai suna H2testw da ke yin wannan gwaji.

Kada a haɗa wannan da wani giɓi na daban wanda ba zamba ba ne. Had-dis da aka rubuta wa gigabait 500, Windows za ta nuna kusan 465, mai terabait 1 kuma 931. Masu ƙerawa suna lissafi da dubu-dubu, Windows tana yi da 1,024. Kayan ɗaya ne, mudun awon ne ya bambanta.

Ɗaya fuskar maganar gogewa ita ce ta mai sayarwa. Idan abin da aka goge yana dawowa a hannunka, yana dawowa a hannun wanda ya sayi tsohuwar kwamfutarka ko ya tsinci katinka. Hotunan iyali, takardun banki, hoton katin shaida, duk mai ɗan sani zai iya tono su daga had-dis da aka yi wa fomat na gaggawa. Wayoyin iPhone da na Android na 'yan shekarun nan sun rage wannan haɗari, don suna rubuta komai a kulle da mabuɗin sirri, kuma mayar da waya yadda ta fito daga kamfani yana lalata mabuɗin. Amma katin memorin da ke cikinta galibi ba a kulle yake ba, don haka a zare shi kafin waya ta bar hannu. Had-dis da filashi kuwa, a cire alamar gaggawa a yi musu cikakken fomat. Tun daga Windows Vista, cikakken fomat yana bin kowane gurbi ya rubuta sifili a kansa. A babban had-dis yana iya cin sa'o'i, saboda haka a fara shi lokacin da ake da tabbacin wuta ko cikakken batiri.